Ƙofar da ta buɗe ranar yunwa, daga Allah take?

FILIN TAMBAYA DA AMSA

TAMBAYA

Baba Fasto, ina gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina roƙon a sakaya sunana. Ni magidanci ne mai 'ya'ya 4, ina aikin lura da sito a wani kamfani. Wata 5 ke nan ba mu ga albashi ba, kullum sai a ce mu ƙara haƙuri. An koro manyan yarana biyu daga makaranta, mai gidan da nake haya ya ba ni wa'adi, ga uwargidana da tsohon ciki. Makon jiya shugaban sashenmu ya kira ni ofis, ya tura ƙofa, ya ajiye mini takarda a gaba. Takardar tana cewa wasu kaya sun lalace a sito an zubar da su, alhali suna nan lafiya lau, akwai wanda zai saye su ta bayan fage. Hannuna kawai ake bukata. Kason da ya ce zai ba ni ya isa haya da kuɗin makaranta har da na haihuwa. Ya ce mini, "Ai haƙƙinka ne da suka riƙe, wannan ba sata ba ce." Abin da ya ɗaure mini kai, Baba, shi ne na yi azumin kwana 3 ina roƙon Allah ya buɗe mini hanya, kuma ranar da na gama azumin ce aka kira ni. Anya ba amsar addu'ata ba ce? In ba ita ba ce, ina tanadin Allah da ake ta faɗa mana? An koya mana cewa Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa, amma ni kam wannan ya fi ƙarfina.

Daga wani ɗanka a cikin Ubangiji

AMSA

Ɗana, sannu da wannan nauyi. Kafin in taɓa zancen takardar nan, bari in faɗi abin da masu ba da shawara da yawa za su tsallake: an zalunce ka. Riƙe albashin ma'aikaci wata 5 ba ƙaramin laifi ba ne a gaban Allah. Shari'ar Musa ta hana ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki (Littafin Firistoci 19:13), Maimaitawar Shari'a sura 24 kuma ta ce a biya shi kafin rana ta faɗi, domin matalauci ne, zuciyarsa tana kan abin. Yakubu 5:4 ya ce ladan da aka danne wa masu girbi yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Saboda haka kada kowa ya sa ka ji kamar kukanka rashin bangaskiya ne.

Amma kada ka sa hannu. Na faɗa maka tun da wuri don kada ka yi ta laluben amsar a cikin dogon bayani.

Ka sake duba takardar da idon basira. Ba ta ce kamfani ya riƙe albashin wane, ya ɗauki kaya a madadinsa ba. Cewa ta yi kaya sun lalace, kai kuwa ka san ba su lalace ba. Ƙarya ce a rubuce, da sunanka a ƙasa. Kayan nan kuma ba naka kaɗai ba ne a ce ka karɓi haƙƙinka. Akwai mai gadi, akwai direba, akwai mai shara, su ma wata 5 suke jira, kuma daga kuɗin irin waɗannan kaya ne ake sa ran biyansu. Sannan ka tambayi kanka: me ya sa shugabanka yake bukatar hannunka ba nasa ba? Ranar da masu binciken littafi suka zo, sunan wa za su gani? Na taɓa zama da wani mutum, ma'ajin kuɗi ne a wurin aikinsa, wanda ya sa hannu a irin wannan takarda don ya biya kuɗin aikin tiyatar mahaifiyarsa. Ya ce mini karo na farko lallaɓa shi aka yi, har kujera aka ja masa. Karo na biyu ba a ko ɗaga kai an dube shi ba, turo masa takardar aka yi da biro a kai, domin wanda ya turo ya san ba shi da bakin cewa a'a. Yana ba ni labarin yana murza yatsunsa kamar mai son goge wani abu daga jikinsu. Abin da ya fi cin ransa ba tsoron kamu ba ne. Cewa ya yi tun daga ranar bai ƙara iya jagorantar addu'ar safe a gidansa da sakin zuciya ba.

Yanzu ga ainihin tambayarka, wato zancen lokaci. Ka gama azumi, ƙofa ta buɗe. Na fahimci abin da ya sa hakan ya girgiza ka. To, buɗe Matiyu sura 4. Ubangijinmu ya yi azumi kwana 40 dare da rana a jeji, aya ta 2 ta ce daga baya ya ji yunwa, aya ta 3 ta ce sai Mai Gwaji ya zo. A labarin Matiyu, ba a ce ya zo ranar farko ko ranar goma ba. Ya jira sai da ciki ya ɗaure, sa'an nan ya zo da shawara mai kama da hankali: ga duwatsu, kana da iko, mai da su gurasa. Gurasa ba haram ba ce, yunwar kuma ta gaske ce. Abin da ake so Yesu ya yi shi ne ya ciyar da kansa ta hanyar da Uba bai ba shi ba. Idan haka ta faru da Ɗan Allah a ƙarshen azuminsa, kada ka yi mamaki don ta faru da kai a ƙarshen naka.

Littafi Mai Tsarki cike yake da ƙofofin da suka buɗe a kan kari, amma ba Allah ya buɗe su don a shiga ba. Yunusa yana gudun aiken Nineba, ya gangara Yafa, sai ga jirgin ruwa a shirye zai tafi Tarshish, da wuri a ciki, da kuɗin jirgi a aljihunsa. Komai ya zo daidai, amma hanyar tawaye ce. Wanda ya fi kama da naka shi ne na Dawuda a kogon En-gedi (1 Sama'ila 24). Sarki Saul ya fito farautarsa da zaɓaɓɓun mutum 3,000. Sai ga Saul ya shigo shi kaɗai cikin kogon da Dawuda da mutanensa suke ɓuya a can ƙurya, ya juya musu baya, bai san da kowa ba. Mutanen Dawuda suka raɗa masa cewa ga ranar da Ubangiji ya yi maka alkawari. Ka lura, da sunan Allah suka yi masa maganar, kamar yadda shugabanka ya yi maka da sunan adalci. An riga an shafe Dawuda da mai, sarautar tasa ce, Saul kuwa azzalumi ne. Duk da haka gefen riga kawai ya yanke, wannan ɗin ma zuciyarsa ta soke shi a kai. Ya koma gudun hijira na tsawon lokaci, har ya zauna a ƙasar Filistiyawa shekara ɗaya da wata 4, kafin sarautar ta zo masa ta hannun Allah. Dacewar lokaci ba ta isa hujja ba. Abin da za a tambayi kowace ƙofa shi ne: sai na taka wace doka ta Allah kafin in shiga? Allah ba ya amsa addu'ar ɗansa da abin da ya riga ya hana shi.

To ina tanadin? Amsar da Yesu ya ba Shaiɗan, cewa ba da gurasa kaɗai mutum zai rayu ba, daga Maimaitawar Shari'a 8:3 ya ɗauko ta, inda Musa yake tuna wa Isra'ilawa zancen manna. Ina so ka zauna da Fitowa sura 16 a wannan mako, domin kai mai sito ne, za ka ji ta fiye da yadda wani zai ji. Wata ɗaya da barin Masar, a jejin Sin, guzuri ya ƙare. Allah ya saukar musu da abinci, amma da sharaɗi: kowa ya fita da safe ya tara na yini ɗaya, mudu guda na omer ga kowane kai, kada a bar saura ya kwana. Waɗansu suka ƙi ji, suka ɓoye, gari ya waye abin ya yi tsutsa yana wari. Ranar shida kaɗai aka yarda su tara na kwana biyu saboda Asabar, shi kuwa bai lalace ba. Ka yi tunanin uba a cikin zangon nan. Dare ya yi, 'ya'yansa sun ci sun ƙoshi sun yi barci, ya leƙa tukunya ba ko ƙwaya, ya leƙa waje ba gona ba kasuwa, sai yashi. Ya kwanta ba shi da komai na gobe sai maganar Allah. Haka ya yi shekara 40. Allahn da ya iya zubo abincin al'umma guda kowace safiya ai ya iya zubo na shekara a rana ɗaya. Bai yi ba, da gangan. Musa ya faɗi dalili: don ya ƙasƙantar da su, ya gwada su, ya san abin da ke zuciyarsu. Mannan kuma ba ta yanke ba sai washegarin ranar da suka ci amfanin ƙasar Kan'ana (Joshuwa 5:12). Ba ta ƙare kwana ɗaya kafin lokaci ba.

Aikinka ya koya maka cewa kwanciyar hankali ita ce ka ga kaya jibge har rufi, ka ƙirga, ka kulle. Mu duka haka muke so Allah ya yi mana. Shi kuwa sau da yawa na yini yake bayarwa, shi ya sa a addu'ar da Ubangiji ya koya mana abincin yau aka ce mu roƙa. Ka dubi wata 5 ɗin nan da kyau. Ba albashi, amma ga ka da rai, ga iyalinka da rai. Wani ya ranta maka, wani ya kawo, wani ya yi maka haƙuri. Ban ce ya ishe ka ba, ban kuma ce ba ka sha wuya ba. Cewa nake ka rubuta su ɗaya bayan ɗaya, kai da uwargidanka, domin yunwa tana sa mantuwa, mai mantuwa kuwa shi jaraba ta fi saurin kayarwa.

Sai maganar da ka ce an koya maka, cewa Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Daga 1 Korantiyawa 10:13 ake ɗauko ta, amma an ja ta inda ba ta je ba. Bulus a wurin yana zancen gwajin da ke jan mutum zuwa zunubi ne, ya kawo misalin Isra'ilawa da suka faɗa bautar gumaka da fasikanci da gunaguni a jeji. Alkawarin shi ne Allah mai aminci ne, ba zai bari a gwada ka fiye da ƙarfinka ba, tare da gwajin zai ba da mafita don ka iya jurewa. Wato ba ranar da za ta zo da za ka ce ba ni da wata hanya sai zunubi. Amma wahala kanta tana iya fin ƙarfin mutum. Bulus ɗin nan dai, a 2 Korantiyawa 1:8-9, ya ce wahalar da ta same su a ƙasar Asiya ta fi ƙarfinsu ƙwarai har suka fid da rai, kuma hakan ya faru ne don kada su dogara ga kansu, sai ga Allah mai ta da matattu. Don haka da ka ce abin ya fi ƙarfinka, gaskiya ka faɗa, ba saɓo ka yi ba. Haya ta fi ƙarfinka, kuɗin makaranta ya fi ƙarfinka. Ajiye biro ka ce a'a, wannan bai fi ƙarfinka ba, domin a nan ne Allah ya ɗaure kansa da alkawari.

Ba zan yi maka alkawarin da Allah bai yi ba. Akwai masu wa'azin da za su ce maka ka ƙi yau, kafin mako ya zagayo za ka ga ninki ɗari. Ina jin zafin irin wannan koyarwa, domin na ga mutanen da ta karya: sun yi gaskiya, ninkin bai zo ba, suka ɗauka Allah ya yaudare su. Yusufu ya ƙi matar Fotifar, ladan da ya fara gani kurkuku ne. Yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya a gaban Fir'auna, a ciki har da shekara 2 cur da mai shayarwar sarki ya manta da shi. Bulus da ya rubuta wa Filibiyawa cewa Allahna zai biya muku dukan bukatarku, a ɗaure ya rubuta, kuma shi ne ya lissafa yunwa da ƙishirwa da sanyi da rashin sutura a cikin abin da ya sha (2 Korantiyawa 11:27). Ƙarshen Ibraniyawa 11 yana da mutanen da suka tsira daga kaifin takobi ta wurin bangaskiya, yana kuma da waɗanda aka kashe da takobi ta wurin bangaskiyar nan dai, suna yawo cikin fatun tumaki da na awaki, matalauta, abin tsananta wa. Yana yiwuwa shugabanka ya sa maka ido, yana yiwuwa ma ya nemi hanyar raba ka da aikin. Ka shiga da idonka a buɗe, irin shigar Shadrak da Meshak da Abed-nego, waɗanda suka ce wa Nebukadnezzar Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Abin da zan iya tabbatar maka shi ne abin da ke rubuce a Ibraniyawa 13:5, a daidai wurin da ake gargaɗi kan son kuɗi: ba zai yashe ka ba, ba zai rabu da kai ba.

Ga abin da nake so ka yi. Daren yau ka gaya wa uwargidanka komai, har da adadin da aka ce za a ba ka. Tana da haƙƙin sani, kuma jaraba tana ƙiba ne a ɓoye. Gobe ka ba shugabanka amsa a taƙaice, cikin ladabi, ba wa'azi ba barazana: "Ranka ya daɗe, ba zan iya sa hannu a kan abin da ban gani ba." Ka tabbata littafin sitonka daidai yake da kayan da ke ƙasa, ka riƙa ajiye kwafin abin da ka sa wa hannu. Kai da abokan aikinka ku nemi albashinku a rubuce ta hanyar da doka ta tanada. Wannan ba rashin dogara ga Allah ba ne, Bulus ma ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma a Filibi, ya kuma ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Ka je wurin mai gida da shugaban makaranta da ƙafarka, kada ka jira su aiko, ka faɗa musu gaskiyar halin da kake ciki. Ka fara neman wani aiki ko sana'ar hannu, komai ƙanƙantarta. Manzo Bulus da ya kafa ikilisiyoyi a Asiya da Makidoniya ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila da Bilkisu.

Sannan ka je wurin dattawan ikilisiyarku ka ce kana cikin bukata. Na san wannan ya fi sauran wuya ga magidanci. Mutane suna son labarin George Müller, mutumin Jamus da ya riƙe marayu fiye da 10,000 a birnin Biristol na Ingila kafin rasuwarsa a 1898, bai roƙi kowa kuɗi ba sai Allah. Labarin gaskiya ne, ni ma yana ƙarfafa ni. Amma baiwarsa ce, ba doka ba ce a kan kowa, kuma ko shi ta hannun mutane Allah ya riƙa aiko masa. Lokacin da yunwa ta auku a zamanin Kaisar Kalaudiyas, masu bi na Antakiya suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu, wato Bulus (Ayyukan Manzanni 11:27-30). Da 'yan'uwan Yahudiya sun ƙi karɓa don kunya, da sun hana kansu tanadin da Allah ya shirya musu. Yana yiwuwa amsar azuminka tana aljihun wani ɗan'uwa da ke zama kusa da kai kowace Lahadi, wanda bai san komai ba domin kullum kana ce masa lafiya lau.

TAMBAYA

Baba, ni gwauruwa ce, shekara 2 da rasuwar maigidana, ya bar ni da yara 3 da bashi. Akwai wani mutum mai hali, yana da aure, ya fara taimakona tun bayan jana'iza ba tare da ya nemi komai ba. Yanzu ya fito fili ya faɗi abin da yake so, ya ce in na yarda zai ɗauki nauyin yaran har su gama karatu, in na ƙi ya janye hannunsa. Ban yarda ba, amma ban kuma kore shi ba. Ikilisiyarmu ta zo gaisuwa makon farko, tun daga nan shiru. In na bar yarana suka tagayyara saboda tsarkina, ba son kai na yi ba?

Daga 'yarka mai hawaye

AMSA

'Yata, Allah ya ta'azantar da ke. A'a, ba son kai ba ne. Mutumin nan ba taimakon yaranki yake yi ba, jingina ya mai da su. Wanda zai iya duban marayu 3 ya ce zai janye abinci daga bakinsu in uwarsu ba ta ba da kanta ba, ranar da ya gaji da ke zai janye ɗin dai, a lokacin kuma kin rasa abin da ba ya sayuwa. Akwai kuma wata mace a gidansa wadda ba ta yi miki laifin komai ba. Kin ce ba ki yarda ba, ba ki kuma kore shi ba. A wannan tsakiyar ne ake faɗuwa. Yusufu bai tsaya muhawara ba, barin rigarsa ya yi a hannun matar Fotifar ya fita a guje. Ki daina karɓar komai daga hannunsa, kada ki ƙara ganinsa ke kaɗai, ki kuma gaya wa wata dattijuwa mai riƙon amana, yau ɗin nan.

Ki karanta 2 Sarakuna sura 4. Matar ɗaya daga cikin annabawa ce, mijinta mai tsoron Allah ya rasu ya bar bashi, mai bin bashi yana zuwa ya kwashe 'ya'yanta maza biyu su zama bayi. Ba ta zauna a ɗaki tana kuka ita kaɗai ba, ta je ta kai kukanta wurin Elisha. Ya tambaye ta abin da take da shi a gida, ta ce ba komai sai ɗan mai a kwalba. Ya aike ta ta aro tandaye wurin maƙwabta, kada ta aro kaɗan. Ta rufe ƙofa ita da 'ya'yanta, suna miƙo mata tana zubawa, har ta ce a miƙo wani, yaron ya ce babu saura, sa'an nan man ya tsaya. Elisha ya ce ta je ta sayar, ta biya bashi, su ci sauran. Ki ga inda tanadin ya bi: ta abin da ke hannunta, ta ƙofofin maƙwabta da ta ƙwanƙwasa, ta aikin 'ya'yanta, ta ciniki. Ni ma tambayar Elisha nake miki. Me kike da shi a gida? Wace sana'a hannunki ya iya? Wa ya rage a dangin maigidanki da naki da ba ki gaya wa gaskiyar halinki ba? Rut ma kala ta fita yi a gonar da ba ta san mai ita ba, daga safe har yamma, a ƙarƙashin dokar da Allah ya kafa cewa a bar gefen gona da abin da ya zube domin matalauta da baƙi.

Sauran maganata ba taki ba ce, ta shugabannin ikilisiyarku ce, da na kowace ikilisiya da wannan shafi zai shiga hannunsu. Shirun da kuka yi shi ya buɗe wa mutumin nan hanya. Ikilisiyar farko a Urushalima tana rabon abinci ga gwauraye kowace rana, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake waɗansu, manzanni ba su ce a je a yi addu'a kawai ba, sai da aka zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, aka danƙa musu aikin (Ayyukan Manzanni 6). Istifanas, shahidi na farko, ɗaya daga cikinsu ne. Yakubu 2:15-16 ya tambaya, in ɗan'uwa ko 'yar'uwa ba su da sutura da abincin yini, ka ce musu su sauka lafiya, su ji ɗumi, su ƙoshi, ba ka ba su komai ba, ina amfaninsa? Muna tsayawa a bagade muna cewa Allah uban marayu ne, mai kāre gwauraye, alhali mu ne hannun da ya sa a yi aikin da shi. Idan akwai kuɗin sabon gini da na kayan kiɗa amma babu na yara 3 da ubansu ya yi shekaru yana ba da zakka a wurin, to a sake zama a duba littafin kuɗin.

'Yata, ki ɗauki wannan shafi ki kai wa shugabar zumuntar mata, ki ce mata ke ce kika rubuto. Ki nemi ta raka ki wurin fasto da dattawa, ki faɗa musu adadin bashin da na kuɗin makarantar yaran, a rubuce, ki kuma roƙe su su sa ranar da za su ba ki amsa. In sun yi shiru karo na biyu, ki sake rubuto mini ta ofishin mujalla, zan nemi fastonku mu yi magana ni da shi.